Na haddace fomula amma amsata ta ƙi yin daidai, ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji ɗaya na jami'a, sashen injiniyanci. An ba mu jinga a fiziks: akwati mai kilo 10 yana sulalowa a kan gangara mai kusurwa 30°, ma'aunin gogayya 0.2, a nemo ƙaruwar gudunsa. Sau huɗu ina yi ina samun 2.94, amsar malaminmu kuwa 3.2. Duk fomulolin da mai yi mana tutoriyal ya ba mu na haddace, har da N = mg. Saura mako uku a fara jarrabawa, tsoron kariyoba ya hana ni barci, don da ƙyar mahaifina ya haɗa kuɗin rajista. Ko dai kaina ne ba ya ja?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, kanka lafiya lau. Lissafinka ma daidai ne, abin da ka ɗora shi a kai ne ruɓaɓɓe, kuma da bakinka ka ambace shi: N = mg, wato wai ƙarfin da wuri ke tokare abu da shi (N) daidai yake da nauyin abin (mg).

Mu fara da akwatin. Nauyinsa, wato mg, kilo 10 ne (m) sau 9.8 na jan ƙasa (g), niyuton 98 ke nan a ma'aunin ƙarfi, yana ja kai tsaye ƙasa. Gangarar kuwa a karkace take, don haka nauyin ya kasu biyu. Kashin da ke bin gangarar shi ne 98 sin 30°, wato 49. Kashin da ke danna fuskar gangarar shi ne 98 cos 30°, wato 84.9, kuma shi kaɗai gangarar ke tokarewa. To N ɗinka 84.9 ne. Gogayya kuwa ma'auninta ne sau N, ta zama 0.2 sau 84.9, kusan 17. Cire 17 daga 49, saura 32, raba da kilo 10, ga 3.2 ɗin malaminku. Kai ka sa 98 a gurbin N, gogayyarka ta haura zuwa 19.6, shi ya kai ka 2.94.

Yanzu bari mu zauna a kan N = mg ɗin nan, domin kusan kullum sai na ci karo da shi a takardun ɗalibai, kuma ya ishe ni. Babu wata doka a fiziks mai suna N = mg. Sakamako ne da ke fitowa a yanayi guda tak: abu yana zaune a shimfiɗaɗɗen wuri, babu mai danna shi, babu mai ɗaga shi, wurin kuma ba ya ƙara gudu sama ko ƙasa. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, maganar ta rushe. Mutum mai kilo 70 yana danna ƙasa da niyuton 686 idan yana tsaye a ɗaki. Sa shi a lifta mai ƙara gudu sama da 2 m/s², ya koma 826. Ɗaura wa akwati igiya ka ja shi kana ɗan ɗaga hannu, N ya ragu. Tura shi kana dannawa, N ya ƙaru. Ba a haddace N, nemo shi ake yi a kowace tambaya daga dokar Newton ta biyu, ΣF = ma, wato jimlar ƙarfin da ke kan abu daidai take da kilonsa sau ƙaruwar gudunsa.

Ga gwajin da ya kamata ya kama maka kuskuren tun kafin ka rubuto mini. Ka yi ta ɗaga gangarar a zuciyarka har ta miƙe tsaye kamar bango. Akwatin zai faɗo ne kawai, bai danna komai ba, N sifili ne. Shi mg cos θ (θ ita ce kusurwar gangarar) ya ba ka sifili a 90°. Fomular da ka haddace kuwa tana nan tana ce maka 98. Duk amsar da ka samu, ka riƙa kai ta ƙarshen iyaka irin haka ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu tutoriyal ɗin da ke karɓar kuɗin yara su miƙa musu shafi biyu na fomuloli, su ce da wannan an gama. Ba duka ba, akwai na kirki. Amma wanda ya rubuta maka N = mg bai faɗa maka sharaɗinsa ba ya cuce ka, ko da saninsa ko babu. Haka masu ɗaukar hoton amsa su watsa a WhatsApp da daddare, da safe aji guda ya kawo mini kuskure iri ɗaya, har wurin da aka manta alamar ragi. Mu ma malamai da namu laifin, idan jarrabawar kwamfuta ta zaɓi-ɗaya ita ce kaɗai ma'auninmu, mun koya wa yaro cewa lambar ƙarshe ce ke da daraja, hanyar da aka bi ko oho. Hadda tana da muhallinta, mu da muka tashi da allo mun san darajarta. Sai dai fomula ba a karɓarta a yadda aka same ta, dole ka san inda ta fito da inda ta daina aiki.

Kada ka ɗauka maganar maki ce kawai. Ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, barandun tafiya biyu da aka rataye, na hawa na huɗu a saman na hawa na biyu, suka rufto kan jama'a. Mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. A zanen farko, rodi ɗaya dogo ne zai sauko daga rufi ya ratsa baranda ta sama ya kai ta ƙasa, kowace tana zaune a kan nata notin. Wajen aiki sai aka mai da shi rodi biyu: ɗaya daga rufi zuwa baranda ta sama, ɗaya daga baranda ta sama zuwa ta ƙasa. A ido kamar babu abin da ya canza. Amma ka kwatanta mutum biyu a cikin rijiya, kowa ya riƙe igiya da hannunsa, da kuma a ce na ƙasa ya saki igiyar ya kama ƙafar na sama. Nauyin da ke kan igiyar bai canza ba, hannun na sama ne ya koma ɗaukar mutum biyu. Haka mahaɗar baranda ta sama ta koma ɗauke da ninkin kayanta, alhali bincike ya nuna ko zanen farkon bai cika ƙa'idar ginin birnin ba. Injiniyoyin da suka sa hannu sun rasa lasisinsu. Zanen kibiyoyin ƙarfi da zai tona wannan ninki bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya irinka ba. Gobe kai ne za ka sa hannu a kan decking ɗin makaranta ko tankin ruwan unguwa, waɗanda za su zauna a ƙarƙashi kuma ba su san sunanka ba, amana ce suka ba ka. Ka ji tsoron Allah a kanta tun daga wannan jingar.

Mako uku ya ishe ka. Kife takardar fomulolin nan. Kowace tambaya, kafin ka taɓa kalkuleta, zana abin shi kaɗai, ka raba shi da duk abin da ke taɓa shi, ka sa kibiya a madadin kowanne: nauyi, tokara, gogayya, igiya. Kibiyar da ka kasa faɗin wanda ke yin ta, goge ta. Ɗora layukanka ɗaya a bin gangara, ɗaya a tsaye a kanta, ka rubuta ΣF = ma ga kowanne da haruffa, lambobi su shigo a ƙarshe tare da ma'auninsu. Da ka yi haka a tambayarka, da ka ga kilo 10 ɗin ma ya fice daga lissafin, an bar a = g(sin θ − μ cos θ), inda μ yake ma'aunin gogayya.

Ka yi tambaya biyar a rana ta wannan hanya, amsa a rufe sai ka gama. Daren yau ka sake yin ta akwatin da kusurwa 45°. Idan ka samu 5.5, ka wuce zuwa tambayoyi masu igiya da kurar jan kaya. Allah Ya ba da sa'a, Ya saka wa mahaifinka da alheri.