Zuwa ga 'yata Hadiza, kan haɗa sana'o'i huɗu a hannu ɗaya

'Yata Hadiza, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso ni. Kin ce kin kusa kammala karatun ilimin halayyar ɗan Adam, kina zane da fenti tun kina ƙarama, kin shiga horon halarto da hankali, wato koyon tattara hankali a kan abin da mutum yake ji a lokacin da yake ciki, sannan kin ga wasu masu ba da shawara suna haɗa waɗannan uku da aikin shaman, wato mai maganin gargajiya da ake cewa yana hulɗa da ruhohi, su mai da su sana'a guda. Kina tambaya ko haka abin yake a al'adar mutanen da suka mallaki waɗannan abubuwa tun asali, kuma ko ya dace ki bi sahu. Zan amsa miki da abin da na karanta da kuma abin da na gani a shekarun da na yi ina jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Haɗawar daɗaɗɗiya ce, rabawar ce ta zo daga baya. Ilimin da kike karantawa bai tsaya da ƙafarsa ba sai a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Laifzig na Jamus. Kafin nan, a wurare da dama, mutum ɗaya ne yake sauraron majinyaci, ya yi masa waƙa, ya kuma yi zane. A wasu ƙabilun Saiberiya shaman yakan zana sama da ƙasa da ƙarƙashin ƙasa a fatar gangarsa, ya ɗauke ta a matsayin taswirar tafiyar da yake cewa ruhinsa yana yi. A 1949 masanin nan na Faransa, Claude Lévi-Strauss, ya nazarci wata doguwar waƙa da mai magani na mutanen Kuna a Panama yake rerawa ga mace mai doguwar naƙuda, ya ce aikinsa ya yi kama da na mai nazarin zuciya, domin dukansu suna ba wa mai ciwo harshen da zai faɗi abin da ya kasa faɗa. Carl Jung, shahararren likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, shi kansa ya shafe kusan shekara 16 yana rubutawa da zana abin da yake gani a mafarki da tunani cikin wani babban littafi mai jar fata, wanda ba a buga shi ba sai a 2009. Saboda haka ba ki zo da baƙon tunani ba.

Amma al'adar tana da sharuɗɗa, kuma su ne masu tallar wannan sana'a suka fi yin shiru a kansu. Kalmar shaman ta mutanen Ebenki ce na Saiberiya, ta shigo harsunan Turai ta hannun Rashawa a ƙarni na 17. A wurinsu mutum ba ya naɗa kansa. Galibi sai ya sha doguwar jinya, dattawa su gane alamar, ya zauna a ƙarƙashin wani tsoho shekara da shekaru, sannan jama'ar da suka san iyayensa da kakanninsa su karɓe shi, kuma su ɗin ne za su juya masa baya idan ya ci amana. A 1980 Ba'amurke Michael Harner ya fitar da littafin da ya tsamo kiɗan ganga da tafiyar ruhi daga al'adu daban-daban, ya dunƙule su hanya ɗaya da kowa zai iya koya a taron bita. Daga nan aka samu masu takardar shaida waɗanda babu wata al'umma da ta san su, balle ta tsawata musu.

Masu abin ba su ji daɗi ba. A 1993 wasu shugabannin Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, suka fitar da sanarwa mai zafi a kan masu sayar da ibadunsu. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na María Sabina, tsohuwa mai magani a wani gari na kan tudu a jihar Wahaka ta Meziko. A 1955 ta bar wani ma'aikacin banki daga Niu Yok, Gordon Wasson, ya halarci zamanta na dare inda ake cin wata irin laimar kwaɗi mai gusar da hankali. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life, baƙi suka yi ta kwarara garin, 'yan sanda suka sa mata ido, har aka ƙone mata gida. A 2009 kuma mutum uku suka rasa rayukansu a wata bukkar sirace da wani mai wa'azin cin nasara ya kwaikwaya daga ibadun ƙabilun asali na Amurka a kusa da Sedona ta jihar Arizona, kotu ta same shi da laifin sakaci. Ba zan ɓoye miki ba, akwai kuma maganar imani, domin aikin shaman a asalinsa hulɗa ce da ruhohi, ba motsa jiki ba ne, kuma wajibi ne ki auna shi da abin da kika yi imani da shi kafin ki auna shi da komai. Ra'ayina shi ne ki karance shi sosai don ki fahimci majinyatan da suka taso a cikinsa, amma kada ki ɗora wa kanki sunan.

Halarto da hankali shi ma aro ne, daga koyarwar mabiya Budda, inda ake kiransa sati a harshen Pali. Bambancin shi ne wanda ya kawo shi asibiti, Jon Kabat-Zinn, ya kafa shirinsa a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Masacusets, ya tsara shi mako takwas, ya bar ƙofa a buɗe aka gwada shi. Daga baya aka haɗa shi da maganin gyaran tunani da ake yi ta hanyar tattaunawa, har hukumar tantance magunguna ta Ingila ta amince da shi ga masu ciwon damuwa da ke yawan dawowa. Wannan zai zauna lafiya da karatunki. Sai dai ki kula, wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, idan aka ce ya rufe ido ya saurari jikinsa na tsawon lokaci, abin da ya binne yana iya taso masa gaba ɗaya.

Zanen ne nake so in daɗe a kansa, domin a nan na san zuciyarki take. Warkarwa ta hanyar zane fanni ne mai horonsa na musamman. Mai zane Adrian Hill ne ya raɗa masa suna a Ingila a 1942, bayan ya ga yadda fensir ya ɗebe masa kewa lokacin da yake jinyar tarin fuka. A Burazil likita Nise da Silveira ta ƙi yarda da jona wa majinyata lantarki da yi musu tiyatar ƙwaƙwalwa, ta ba su fenti da buroshi, kuma a 1952 ta kafa gidan adana ayyukansu a Riyo. A Birtaniya yau doka ta hana mutum kiran kansa da sunan wannan sana'a sai ya yi rajista. Iya zane daban, iya zama da mai zane cikin ciwo daban.

Na koyi wannan da kuskurena. Akwai wani matashi a ɗakinmu da ya yi makonni bai ce uffan ba. Na ajiye masa takarda da alli mai launi, kwana uku bai taɓa ba, a rana ta huɗu ya zana ƙofa baƙa, ya danne allin har ya karye, ya bar wani siririn fari a ƙasanta. Kullum sai ya sake zana ƙofar, farin yana ɗan ƙara faɗi. Ni kuma don zumuɗi na ɗaga takardar a gaban abokan aiki na ce wannan haske ne, alamar yana samun sauƙi. Ya dube ni, ya tura allin gefe, bai sake zane ba har aka sallame shi. Na fassara masa abin da bai tambaye ni ba, na kuma nuna wa wasu abin da shi kaɗai ya mallaka. Shekaru bayan haka na karanta yadda mai waƙar magani na mutanen Nabaho, wata ƙabilar asali ta Amurka, yake yi: ana shafe sa'o'i ana zuba rairayi mai launi a ƙasa, majinyaci ya zauna a kan zanen, idan an gama a share shi a kwashe rairayin a fitar. Ba a rataye shi, ba a sayar da shi, domin don mutum ɗaya aka yi shi.

To ke mai zane ce da za ta so a ga aikinta a kuma saya, kuma babu laifi a cikin haka. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki sayar wa wanda kike ba shawara zanenki, domin ba zai iya ce miki a'a ba, kuma kada sirrin da aka faɗa miki a ɗaki ya fito a allonki ko da kin sauya masa kama. Duk wanda ya zauna a gabanki ki faɗa masa tun farko abin da za ku yi, da wanda aka gwada aka tabbatar, da wanda ra'ayinki ne kawai. Idan wani ya zo yana jin muryoyi, ba ya barci kwana da kwanaki, ki haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar, kada wani ya ruɗe ki da cewa kiran ruhohi ne. Idan kuma mai shan maganin damuwa ya ce zai je a ba shi ayawaska, jiƙon nan na dajin Amazon, ki gargaɗe shi, domin haɗuwarsa da irin waɗannan magunguna tana iya jefa rai cikin haɗari.

Ki fara kammala karatun, ki sami lasisi, ki yi aiki a ƙarƙashin wani gogagge da zai riƙa duba ayyukanki, sannan ki nemi horon warkarwa ta zane a makarantar da aka amince da ita. Zanen kogin da kika turo mini hotonsa ya burge ni ƙwarai, kuma idan kin gama na biyun da kika ambata ina so in gan shi.

Kawunki.