Amsa ga mai shirin tafiya aiki Ingila da kyanwarta

'Yar'uwa, kin ce kin samu aikin jinya a Ingila kuma ba ki son barin kyanwarki. Za ki iya tafiya da ita, amma ki fara shiri tun yau, don takardunta na iya daɗewa fiye da bizarki.

Likitan dabbobi zai fara sa mata ƙwayar shaida (microchip, wata 'yar na'ura mai ɗauke da lambarta) ƙarƙashin fata, mai girman ƙwayar shinkafa, sannan ya yi mata allurar ciwon haukan kare. Idan allurar ta riga ƙwayar, sai an sake. In ƙasarki ba ta cikin jerin da Ingila ta amince da su, akwai gwajin jini bayan kwana 30 da allurar, sai kuma jiran wata 3. A nan ne mutane ke makara.

Ba za ta zauna kusa da ke a jirgi ba, ta sashen kaya ake shigo da dabbobi Ingila, cikin akwatin da za ta iya miƙewa ta juya.

Abin da ya fi damuna shi ne masauki. Ki tambayi mai gidan hayar a rubuce ko ya yarda ki zauna da kyanwa kafin ki biya ko sisi. In ya ƙi, gara ki riga ta tafiya, wani amintacce ya riƙe ta har ki samu wuri.