Amsar murya: me ya sa shok mai zubar da haske ba ya zama wuri ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam, na ji tambayarka, wato idan shok mai ƙarfi (bugun matsi da ke tafiya fiye da saurin sauti) ya ratsa gas har gas ɗin ya fara zubar da zafinsa ta hanyar haske, shin zai zauna daram ko zai yi ta rawa. To, sau da yawa rawa yake yi.

Shok mai ƙarfi a gas mai atam ɗaiɗai, ninki 4 kawai yake matse shi. In yana gudun kilomita 100 a daƙiƙa, gas ɗin bayansa yakan kai wajen digiri 140,000 na Kelbin. Daga nan haske ya fara kwashe zafin, matsin da ke tokare da shok ta baya ya soma raguwa.

Yanzu ka ɗauka shok ya ɗan zabura gaba. Gas ɗin da ya buga zai fi zafi, ko? Idan ƙarin zafi na hanzarta hucewa sosai, matsi zai faɗi nan take, shok ya koma mazauninsa, shi ke nan. In kuwa hucewar ta makara, shok zai zarce, sai can gas ɗin ya huce baki ɗaya, tokarin ya rushe, shok ya faɗo baya, zafi ya sake taruwa ya tura shi. Haka zai yi ta kai da komo.

Masana Chevalier da Imamura sun yi lissafin a 1982. Suka ɗauki saurin hucewa yana bin zafi da aka ɗaga zuwa ƙarfin alfa, wato lambar da ke nuna yadda ƙarin zafi ke hanzarta hucewa. Alfa ƙasa da 0.4, babbar rawar, wato ta farko mai jinkiri, tana girma. Ƙasa da 0.8, rawa ta biyu, wadda ta fi ta farko sauri, tana girma. Hasken da ilektiron ke fitarwa idan ya gifta kusa da ayon (atam mai caji), alfansa 0.5 ne, ka ga yana tsakiya. Da wannan rawar ake danganta ƙyaftawar haske duk daƙiƙa 1 zuwa 3 a taurari irin su V834 Cen.

Don Allah masu gwaji a kwamfuta, ku kula: in ragarku ta lissafi ba ta yanka yankin hucewa ƙanana-ƙanana ba, rawar za ta ɓace muku. Maganaɗisu mai ƙarfi ma yana kwantar da ita, don yana hana gas mai sanyi matsuwa.

Kuma kar a haɗa wannan rawar da wadda masani Vishniac ya bayyana a 1983, inda ɓawon shok ke sirancewa ya yamutse. Grun da abokansa sun gwada ta Vishniac ɗin da leza a 1991: a naitirojin fuskar shok sumul take, a zenon mai yawan zubar da haske kuwa duk ta yi ƙudu-ƙudu.