Tambaya da Amsa: A buɗe saitin firem ko a bar shi a kulle?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina tace bidiyon biki a Pantami, Gombe, da manhajar DaVinci Resolve. Na buɗe taimlayin (layin da ake jera hotuna da sauti a kai) a firem 30, wato hotuna 30 a kowace daƙiƙa, sai da na yi nisa na lura kyamarar a 25 ta ɗauka, kuma wurin canjawa ya kulle. Ni na ce a roƙi masu manhajar su buɗe shi; maigidana ya ce barinsa a kulle ya fi. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Maigidanka ya fi ka kusa da gaskiya, malam, amma kai ma ba ka tashi a tutar babu ba.

Manhajar ba da daƙiƙa take riƙe aikinka ba, da lambar firem take riƙewa. A ce ka yanka daidai inda amarya ta sako ƙafa cikin zaure, a firem na 300. A lissafin 30, daƙiƙa 10 ke nan cif. Da an mayar da shi 25, firem na 300 ya koma daƙiƙa 12, alhali kalangun da ka ɗora a ƙasa bai matsa ba. Haka kowane yanka, kowane rubutu da kowace alama za su goce, ko kuma manhajar ta yi ta kintace tana matsar da su. A bidiyon awa biyu, wa zai bi ya duba?

Abin da ya cancanci a roƙa shi ne maɓallin da zai kwafe aikin zuwa sabon taimlayin, ya bar na asali, ya kuma nuna wuraren da suka goce. Rabin wannan ma akwai shi: tun Resolve 16 na 2019 kowane taimlayin na iya ɗaukar nasa saitin. Buɗe sabo, cire alamar da ke cewa a bi saitin aikin gaba ɗaya, zaɓi 25, sannan ka kwashe komai daga tsohon ka liƙa. Sai ka bi mahaɗar hotuna da rubutu ɗaya bayan ɗaya. Girman hoto kuwa ba ya kullewa, don haka mayar da shi 1080 a 1920 saboda TikTok ba wani aiki ba ne.

In ka bar shi a 30, manhajar za ta riƙa maimaita firem guda cikin kowane biyar. A wurin zaman cin abinci ba a gani, amma da kyamara ta bi 'yan rawa sai hoton ya riƙa ɗingishi. Kada kuma ka gyara ta hanyar gaya wa manhajar cewa hoton 25 na 30 ne: zai ƙara sauri da kashi 20 cikin ɗari, baki ya rabu da murya.

Nan gaba, tun a wurin ɗauka a tsaya kan 25 ko 50. Wutar lantarkinmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, shi ya sa waya mai ɗauka a 30 kan fito da fitilun zaure suna ƙyafƙyafta. Hotunan da dangi ke turowa ta WhatsApp kuwa, yawancinsu firem ɗinsu hawa da sauka yake. A fara bi da su ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a tsayar da firem ɗin kafin su shiga aikin.