Tebur ko kujera: yaya lissafi zai taimaka min in yanke shawara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar masana'antar kayan katako, muna ƙera tebura da kujeru. Shekara uku ke nan ina shigar da duk cinikinmu a Excel, amma har yau da ka nake yanke abin da za mu ƙera kowane mako. Na ji ana cewa manyan kamfanoni da lissafi suke yanke irin wannan shawara. Shin sai manya, ko ni ma zan iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya mana. Kuma ka faɗo daidai, domin wannan fanni a kan katako aka haife shi. A 1938, masu sarrafa filawud a birnin Leningirad na Tarayyar Sobiyet suka kai wa wani matashin masanin lissafi, Liyonid Kantorobic, matsalar yadda za su raba aiki tsakanin injinansu don su fitar da kaya mafi yawa. Hanyar da ya gano ce ta kai shi ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Can Amurka kuma, Joj Danzig ya fito da hanyar simfiles, wata dabarar warware irin wannan lissafi mataki-mataki, a 1947, yana aikin tsare-tsare wa rundunar sojin sama. Har yau ita ce ƙashin bayan manhajojin da ake wannan aiki da su.

Duk abin nan ba ya wuce tambaya uku. Me kake so ya ƙaru? Me ke hannunka ka canza? Me ke taka maka birki? Ta ukun ce mutane ke tsallakewa, alhali nan gizo ke saƙar.

Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne, kai sai ka sa naka. A ce ribar tebur ɗaya 50 ce, ta kujera 20. Duk wanda ya kalli wannan zai ce a dage da tebur. To amma a ce tebur yana cin awa 5 a kan injin yanka, kujera awa 1, injin kuma awa 100 yake aiki a mako. Ka ga ashe kowace awa ta injin tana kawo 10 idan tebur ake yi, 20 idan kujera ce. In ka cika makon da tebura, 20 za ka samu, riba 1,000. In kuwa kasuwa tana ɗaukar kujeru 60 a mako, sai ka ƙera 60 ɗin, ka yi tebura 8 da awa 40 da suka rage: 1,200 da 400, riba 1,600. Inji ɗaya, ma'aikata ɗaya, ba ka ƙara ko sisi ba.

Akwai ƙarin garaɓasa da na fi so ma fiye da amsar kanta. Lissafin zai gaya maka darajar ƙarin awa ɗaya a kan injin, wadda a misalinmu 10 ce, tunda kasuwar kujeru ta ƙoshi, ƙarin awar a kan tebur za ta tafi. Idan aikin bayan lokaci zai ci maka ƙasa da 10 a awa, yi shi. Idan ya haura, bar shi. Haka za ka auna sayen sabon inji ma, ba don ka ga maƙwabci ya saya ba.

Da kaya biyu, takarda da biro sun isa. Da kaya 15, da katako iri-iri, da leburori, da wurin ajiya, kai ba zai ɗauka ba. Nan Solver ke shigowa, wata 'yar manhaja mai warware irin wannan lissafi. Yana cikin Excel ɗin da kake amfani da shi, kyauta, kunna shi kawai za ka yi, kuma yana ɗaukar abubuwa har 200 da za a zaɓa. Ka tuna ka gaya masa lambobi cikakku kake so, in ba haka ba zai ce ka ƙera tebur 8 da rabi.

Sai dai ina jin tsoron bayananka fiye da lissafin. Abin da ka rubuta shekara uku ciniki ne, ba buƙatar kasuwa ba. Ranar da kujeru suka ƙare aka juya mai saye, littafinka bai san da shi ba. Idan ka ba kwamfuta wannan, za ta ɗauka kasuwar kujera ba ta wuce 60, alhali ƙila hannunka ne bai wuce 60 ba. Haka awannin aiki: wanda kafinta ya faɗa da baki daban, wanda agogo zai nuna daban, musamman in aka haɗa lokacin canza zarto da saita inji.

Saboda haka kafin ka taɓa Solver, ƙara layi biyu a Excel ɗinka: odar da ka kasa cikawa, da ainihin awannin da kowane kaya ya ci a kan inji. Ka cika su wata biyu ko uku. Bayan nan ka gwada shawarar kwamfuta mako huɗu gefe da taka ta ka, ba tare da ka bi ta ba tukuna. Inda kuka saɓa, ka zauna da babban kafintanka ku duba. Sau da yawa za ka tarar akwai wani birki da shi ya sani, kai ba ka rubuta ba, kamar lokacin bushewar fenti.