Amsa ga mai neman asalin gidansu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Ɗana, na saurari muryar da ka turo, inda ka ce kana son sanin asalin gidanku na nan Gombe, amma iyakar abin da ka sani shi ne sunan kakan mahaifinka.

Kada ka fara da takarda, ka fara da tsofaffin matan gidanku, domin su ne suke riƙe da lissafin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, da wadda aka kai aure wani gari ba ta sake dawowa ba. Ka tafi da goro da ɗan turare, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryarsu a waya, kuma kada ka tambaye su shekara, tunda ba da ita suke lissafi ba. Ka tambayi sarkin da ke kan gado a lokacin, ko abin da ya faru. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, tana tsinkar zogale a tsakar gida ta ce mini ɗanta na fari yana bayanta ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe, sai na gane 1963 take nufi. Komawa tuƙi a hannun dama 1972 ne, shigowar naira kuwa 1973. Idan aka ce kakanku sun taso tare da sarki, ka bincika wace tasowar, domin fadar sarki ta bar Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta dawo Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Wanda aka ce ya yi gabas bayan yaƙin Bormi da aka yi da Turawa a 1903, kada ka yi mamaki idan jikokinsa suna Sudan, wajen Mai Wurno.

Sunaye ne za su fi wahalar da kai. Saboda alkunya, tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan fari ba, sai ka ga mutum ɗaya ya zama uku a littafinka: sunan yanka, laƙabi irin su Ɗanlami ko Tanko, da sunan garin da aka liƙa masa a makaranta, kamar yadda marigayi Abubakar Tafawa Balewa ya ɗauki sunan garinsu. Saboda haka kowane suna ka ji, ka tambayi ɗan wane ne, kuma wace ce mahaifiyarsa.

Bayan haka ka buɗe gafakar malamin gidanku, domin sau da yawa akan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen littafi. Takardun rabon gado na kotun alƙali suna jera magada da sunayensu. Fayilolin Lardin Bauchi, wanda Gombe take cikinsa a zamanin Turawa, suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sai dai sun fi maganar hakimai da haraji da jangali, ba kasafai talaka yake fitowa da sunansa ba. Kirarin maroƙa kuwa ka rubuta shi, amma ka gwada shi da bakin wani, tunda maroƙi ba ya faɗin abin da zai hana shi kyauta.

Idan tsoho ya yi shiru a kan wata kaka, kada ka matsa masa, watakila maganar bauta ce ko tsohuwar rigimar gado. Ka turo mini sunan unguwarku da garin da aka ce kun fito, in haɗa ka da dattijon da ya kamata ka fara gaisarwa. Wassalam.