Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi abin da masallaci zai iya yi game da sauyin yanayi

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce limaminku ya ɗora wa matasan masallacinku aikin nemo abin da jama'a za su yi game da sauyin yanayi, kai kuma hankalinka bai kwanta ba: ruwa da zafi na Allah ne, hayaƙin da ake cewa shi ya jawo matsalar kuwa na manyan ƙasashe ne, to masallacin unguwa mai sahu biyar me zai tsinana? Na ga malamai a zauren tattaunawar nan sun amsa maka da ayoyi da hadisai, Allah ya saka musu da alheri. Ni ba malami ba ne. Shekara 14 ke nan littafin kuɗin masallacin unguwarmu yana hannuna a nan cikin birnin Kano, kuma abin da idona ya gani zan gaya maka.

Rabin maganarka gaskiya ce. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ko mun kashe kowane janareta a Kano, zafin watan Afrilu ba zai ragu da hakan ba. Amma ka raba abu biyu: saukar ruwa daban, inda ruwan zai bi daban. Na farko ba ya hannunmu, na biyu kuwa mu muka toshe shi da hannunmu. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, ya san ba sama kaɗai za a kalla ba. Shi ya sa nake tuna wa mutanenmu mai raƙumin nan da Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Muna yara, kusan kowace unguwa a cikin ganuwa tana da kududdufinta. Daga nan kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, ramin kuma ya zama mazaunin ruwan damina. Idan aka sheƙa ruwa, lungu ya miƙa wa lungu, ya gangara kududdufi, abin da ya yi saura ya bi rafin Jakara. Yau je ka duba. An cika su da shara, an bi da ƙasa, an yanka filoti, an tayar da shaguna. Tsakar gida da a da take shan ruwa an shafe ta da siminti, bakin titi an shimfiɗa intalok. Ga shi ruwan kansa ya canza hali: sai a yi kwana da kwanaki ana kallon sama, sannan a sauke na mako biyu cikin dare ɗaya. Ruwa ba ya mance hanyarsa. Idan ya zo ya tarar an gina masa gida a kanta, ɗakin talaka yake shiga, katangar ƙasa yake kwantarwa.

To a nan masallaci yake da abin da babu wata ma'aikata da take da shi. Sau biyar a rana yana tara mazan unguwa ba tare da takardar gayyata ko kuɗin zama ba. Kuma idan liman ya yi magana ana ji.

Mu da tsaftar kwata muka fara, kuma da kanmu muka fara. Shekarun baya da jama'a suka yi yawa, mun faɗaɗa barandar masallaci, aka zuba kankare a kan lambatun da ya bi ta gefenmu, babu ko ƙofar da za a buɗe a yashe. Niyya mai kyau ce, a samu wurin ƙarin sahu biyu. Bayan damina uku, wata dattijuwa da gidanta yake ƙasa da mu ta aiko jikanta ya ce wa liman, ruwan da ke kwana a ɗakinta daga ƙarƙashin masallaci yake fitowa. Ranar ban yi barci sosai ba. Ni na biya kuɗin simintin nan da hannuna, na rubuta shi a littafi a matsayin aikin lada. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce ba a fasa ɗakin Allah saboda kwata. Limaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, ina ga wanda ya ɗora cutar da kansa. Kuma ba ya son ya ja sallah a kan abin da ke zalintar maƙwabciya. Muka fasa, muka fitar da leda da yashi baro bayan baro, muka sa murafai da ake ɗagawa.

Ina gaya maka wannan ne don bayan nan ne kawai bakinmu ya yi nauyi a unguwa. Da wani mai hali ya zo zai ja katangarsa ta cinye rabin magudanar ruwa, liman da mai unguwa da dattawa uku suka same shi a gida, ba a kan lasifika ba, ba a kuma kunyata shi ba. Ya so ya yi gardama, aka ce masa: Alhaji, ka ga namu mun fasa. Ya janye. Da ba mu fasa ba, da wane ido za mu kalle shi? Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin nan, kuma shi ne wanda matasa ba sa so su ji, domin sau da yawa mai toshe hanyar ruwan shi ne ya saya wa masallaci kafet. Idan mumbari zai yi wa mai tallan ruwan leda faɗa ya yi shiru a kan mai bene, gara a bar maganar.

Yanzu duk Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli da aka hana zirga-zirga da safe, daga sallar asuba ba a watsewa. Shebur da manjagara da baro na masallaci ne, suna ɗakin ladan. Abu ɗaya da za ku kiyaye: kada ku tara abin da kuka yaso a bakin kwata ku tafi. Ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Ku shirya mai kwashewa kafin ku sa shebur.

Sai bishiya. A nan ma mun fara da kuskure. Shekarar farko mun karɓo dashe 40, aka yi taro, aka ɗauki hotuna, kowa ya tafi. Kafin azumi ya zagayo saura 3. Awaki sun ci, yara sun karya, bazara ta ƙarasa sauran. Dasawa ba ita ce aiki ba, raino ne aiki. Da muka sake, 12 kawai muka dasa, a watan Yuli da ruwa ya zauna. Kowace aka yi mata keji na bulo, kowace kuma aka damƙa ta ga mutum guda da sunansa a littafi, kamar yadda ake rubuta wanda ya ɗauki nauyin man janareta. Huɗu muka ba malamin makarantar allo da almajiransa, kuma nasu ne suka fi kyau. Sannan muka karkatar da ruwan alwala. Da can kwata yake bi ya zama gidan sauro. Muka raba shi da na banɗaki, muka ja bututu zuwa gindin bishiyoyin. Ka lissafa butoci nawa ake juyewa a masallaci daga asuba zuwa isha'i, rani da damina. Wannan ruwa shi ya tsallakar da su watan Maris da Afrilu. Darbejiya muka fi sawa don juriyarta, sai mangwaro biyu daga ciki inda ido yake kai. Kada ku dasa dab da katanga ko ƙarƙashin wayar wuta, don kada bayan shekara biyar wani ya sami hujjar sarewa.

Idan liman zai yi huɗuba a kan wannan, ba sai ya je da nisa ba. Ya karanto wa jama'a sunayen wuraren da suke zaune: Kurna, Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Kasuwar Rimi. Duk sunayen itatuwa ne. Ya tambaye su ina itatuwan suke. Sannan ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa babu Musulmin da zai dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi. Na ga dattawa sun sunkuyar da kai a kan wannan fiye da duk wani bayani na kimiyya. Kalmar "sauyin yanayi" ma ba lallai ta fito ba. Kowa ya san a da akwai inuwar da ake zaman makoki a ƙarƙashinta, yanzu sai an yi hayar rumfa.

Game da ruwan alwala kansa, ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, mudun Annabi da bai kai lita ɗaya ba. Mu kuma sai a saki famfo ana hira. Mun koma amfani da buta, famfon ya zama na cika ta kawai, kuma tankin da yake ƙarewa kafin la'asar ya koma yana kai mu dare. A garin da kowa ke haƙa burtsatse, rijiyoyin gida suna ƙafewa, mata suna jiran 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sola kuwa kowa ya san amfaninta tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Mun sa, kuɗin mai ya sauka, ƙarar janareta ta daina shiga karatun liman. Shawarata ɗaya: ku ware kuɗin canjin batir tun daga watan farko, domin a nan masallatai da yawa suke tsayawa.

Amma abin da solar ta ba mu wanda ban zata ba shi ne mafaka. Ka tuna azumin 2024, yadda zafi ya haura digiri 40, dare ma babu sauƙi. A lungunanmu akwai tsofaffi da ke kwana a ɗaki mai rufin kwano, taga ɗaya, babu wuta. Muka daina kulle masallaci tsakanin azahar da la'asar, fanka tana juyawa, ɓangaren mata ma a buɗe. Addini bai jahilci zafi ba. Akwai hadisin da ya yi umarnin a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta har rana ta sassauta, ku tambayi malamanku yadda za a yi aiki da shi. Muka kuma sa matasa suna leƙa duk tsohon da ba a gani a sahu ba kwana biyu. Lokacin zafi lokacin sanƙarau ne, bayan ambaliya kuma amai da gudawa. Lasifikar da ke sanar da jana'iza tana iya sanar da ranar rigakafi, tana iya karanta gargaɗin da hukumar hasashen yanayi ta NiMet take fitarwa kafin ruwa mai ƙarfi. Bayan abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, babu wanda ya isa ya ce gargaɗi wasa ne.

Akwai abin da ban yarda da shi ba, ko da yake na ga wasu sun kawo shi a nan: a hau mumbari ana tsine wa masu girki da gawayi. Matar da kuɗin gas ya fi ƙarfin mijinta ba ita ce ta cinye daji ba. Idan kuna son rage itace, ku fara da tukunyar abincin buɗa-baki ta masallaci, ku gina mata murhu mai rufi da ba ya cin itace da yawa, mata su gani da idonsu. Haka ruwan leda na sadakar Juma'a: ba a hana mai sadaka, amma a ajiye buhun tara ledar a kowace ƙofa, a kuma dawo da randa.

Kada kuma ku tsaya ku kaɗai idan kuna maƙwabtaka da coci, kamar 'yan'uwa na wajen Sabon Gari. Lambatu ɗaya ne ya ratsa ta ƙofar kowa. Idan kun yashe naku na gaba bai yashe ba, ruwan kanku zai dawo. Su ma suna da tushe a wajensu: a 2015 Fafaroma Francis ya fitar da doguwar wasiƙa kan kula da muhalli, a shekarar kuma malaman Musulunci suka fitar da sanarwarsu kan sauyin yanayi a Istanbul. Ba sabon abu za ku kawo wa kowa ba.

Kafin ku koma wa liman da takarda, ku jira ruwa mai ƙarfi na gaba. Da ya tsagaita ku fita ku huɗu ko biyar, ku bi ruwan da ƙafa daga ƙofar masallaci har inda ya tsaya, ku rubuta kowane wurin da ya toshe da gidan da ya shiga. Wannan takardar ita za ku kai masa.

Mu har yanzu akwai wanda ya gagare mu. Kududdufi ɗaya ya rage a ɓangarenmu, kuma kullum da dare ana zuba masa shara daga gefen gabas, mun san abin da ke biyo bayan hakan. Mun kai magana wajen mai unguwa, ya kai gaba, masallatai uku sun sa hannu a takarda ɗaya, muna neman na huɗu da na biyar. Idan a cikin zauren nan akwai waɗanda suka taɓa tsare kududdufin unguwarsu har aka bar shi, don Allah su faɗa mana ta ƙofar da suka bi, domin damina ta kusa.